Daudawa da maƙwabtanta: A bar 'ya'yan gari su koyi gini a kan ginin garinsu

A wurin gini akwai ranar da duk wanda ya koyi sana'ar ba ya mantawa da ita. Ita ce ranar da maigidansa ya daina ce masa ya kawo kwaɓi, ya miƙa masa cokalin gini, ya nuna masa igiyar da aka ja daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ce ya ɗora layi ɗaya a gani. Kafin wannan rana yaro ya shafe watanni yana ɗaukar kwanon sarki a ka, yana tura baro, yana jiƙa bulo, yana wanke kayan aiki da yamma. Bayanta kuwa, ko da layin ya karkace an sa shi ya rushe ya sake, ya riga ya tashi daga lebura ya shiga sahun masu koyon gini. Shi kansa ya san haka, kuma a tafiyarsa ma ana gani.

Matasa da yawa a Daudawa da sauran garuruwan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa ba su ga wannan rana ba. Ba don babu abin ginawa ba. Abin ginawa ma yawa ya yi. Akwai gidajen da aka ƙone, da rumbunan da aka fasa, da ajujuwan da iska ta kwashe rufinsu a shekarun da babu malamin da zai iya zuwa, da ƙananan asibitocin da aka rufe har tururuwa ta gina gida a cikinsu. Duk waɗannan sai an gina su, yau ko gobe, kuma da kuɗin jama'a za a gina mafi yawansu. Abin tambaya shi ne: hannun wa zai yi aikin, kuma me za a bar wa garin idan motar ɗan kwangila ta juya ta tafi?

Yankin ba ya buƙatar dogon bayani ga mai bin labarai. A watan Yunin 2020 'yan bindiga suka kashe mutane da dama a Kadisau da ke Faskari. A daren 11 ga Disamba na shekarar suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kusan mako guda. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku. Yaron da yake ɗan shekara goma sha biyu a wancan lokaci yanzu ya zama saurayi, kuma shekarun da ya kamata ya yi su a aji ko a gaban wani mai sana'a ya yi su ne yana gudu, ko yana zaune a gidan dangi a Funtuwa yana jiran a ce hanya ta yi kyau.

Irin wannan zama yana cin mutum ta inda ba a gani. Talauci kowa ya san shi, amma akwai abin da ya fi shi zafi, wato saurayi ya wayi gari babu wanda ke jiran sa a ko'ina. Babu inda za a ce ya makara. Babu aikin da zai tsaya don bai zo ba. Daga teburin mai shayi sai majalisa, daga majalisa sai gida, a ci tuwon da tsoho ya nemo. A hankali sai ya fara ɗaukar kansa a matsayin wanda ba ya iya komai, kuma wanda ya kai nan, duk wanda ya fara nuna masa yana da amfani shi zai bi, ko ɗan siyasa ne mai neman 'yan jagaliya, ko mai sayar da ƙwaya, ko wanda ke neman mai kai masa rahoto daji.

Abin da gini ke yi wa mai koyon sa

Sana'o'i suna da yawa, kuma kowace da albarkarta. Amma gini yana da wani hali da ya dace da wannan ciwo. Na farko dai, ba ya ɓoyuwa. Wanda ya ɗora layi biyar na bulo da safe, da la'asar zai ja da baya ya gan su tsaye. Ba sai wani ya ba shi maki ba. Idan ya yi daidai, ma'auni zai nuna. Idan ya yi kuskure, igiya za ta tona. Yaron da aka daɗe ana ce masa ba ya ja a makaranta, a nan zai tarar da alƙalin da ba ya karɓar cin hanci kuma bai san ɗan wane ba.

Sannan ilimi ne na gaske, ba ƙarfin ƙirji kawai ba, ko da yake masu kallo daga nesa haka suke zato. Mai koyo zai san cewa kankaren da ake zubawa a ginshiƙi da linta yana da ƙa'ida, wadda aka fi sani ita ce kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, kuma ruwa idan ya yi yawa ƙarfin ya tafi. Zai san cewa kankare ba bushewa yake so ba, shayarwa yake so, aƙalla kwana bakwai, kuma sai ya yi kwana 28 kafin a ce ya kai ƙarfin da aka tsara masa. Zai san inda ake sa bulo mai inci tara da inda mai inci shida ya isa. Zai san dalilin da ya sa ba a bari bakin bulo na sama ya faɗa daidai kan bakin na ƙasa, da dalilin da ya sa yashin da ya cika laka yake sa filasta ta tsage.

Akwai ma wani abin sha'awa. Idan magini zai fitar da kusurwar ɗaki, yakan auna uku a gefe ɗaya, huɗu a ɗaya gefen, in tsakaninsu ya ba da biyar to kusurwa ta zauna. Wannan shi ne lissafin da ake rubutawa a allo a ƙaramar sakandare, yara su haddace su manta. A wurin gini, da tef da ƙusa da igiya, yaron da ya bar makaranta a aji biyu yakan gane shi cikin yini ɗaya, kuma ba zai sake mantawa ba, don ya ga ɗakin da aka yi sakaci da shi yadda tayil ya ƙi zama a cikinsa.

Abu na biyu, gini ba aikin mutum ɗaya ba ne. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma daga wannan sana'a maganar ta fito. Ranar zuba dakin, mai kwaɓi da mai ɗauka da mai miƙawa da mai zubawa duk a layi ɗaya suke, in ɗaya ya tsaya kowa ya tsaya, kuma siminti ba ya jiran kowa. Birkila yana dogara da kafintan da ya kafa katako, kafinta yana dogara da mai ɗaurin rodi. Wanda ke saman tsani ya ba da ransa ne amana ga wanda ke riƙe da shi a ƙasa. Ana cin abinci a kwano ɗaya, ana sallar azahar a inuwar bangon da aka tayar jiya, ana tsokanar juna. Bayan wata uku waɗannan mutane sun san wanda mahaifiyarsa ba ta da lafiya, da wanda ke tara kuɗin aure, da wanda bai karya ba ya fito.

A garin da zargi ya shiga tsakanin maƙwabta, inda ake kallon wani ana cewa wataƙila shi ne mai kai rahoto, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Taron wayar da kai na yini ɗaya a ɗakin taro ba zai dawo da yarda ba. Wata shida ana miƙa wa juna bulo yana iya dawo da wani abu daga cikinta.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa

Masu tsara shirye-shirye a Abuja sukan yi magana kamar yau aka gano koyon sana'a a hannun gwani. Alhali magina a ƙasar Hausa suna da tsari tun kafin zuwan Turawa, da Sarkin Magina a manyan garuruwa, da matakan da yaro ke bi daga kwaɓa ƙasa da buga tubali har ya kai ga ɗaura azara da tayar da bakan gizo. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim a ƙarni na 19, har yau masana gine-gine daga ƙasashen duniya suna nazarin sa, kuma unguwar Babban Gwani tana nan a birnin. A Jamhuriyar Nijar, masallacin Yaama da ke jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya soma a 1962 tare da mutanen ƙauyen, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Babu ɗayansu da ya koyi aikinsa a kan benci.

A ƙauyuka kuma akwai aikin gayya. Kafin damina ake haɗuwa a yi yaɓe, a gyara indararo, a ɗaga jinka, kuma a nan yara ke fara ganin yadda ake yi. Ita kanta Daudawa ba baƙuwar koyarwa ta hannu ba ce. A zamanin mulkin mallaka an san ta da gonar irin auduga, inda aka riƙa fitar da irin da manoman yankin Funtuwa da wasu sassan Arewa ke shukawa. Garin da ya taɓa zama wurin da ake zuwa ɗaukar iri da dabarar noma, ba abin mamaki ba ne a ce ya zama wurin da ake yaye magina.

Abin da ya faru shi ne tsohon tsarin ya raunana, sabon kuma bai kafu ba. Ginin ƙasa ya zama abin da ake ganin na marar hali ne, matasa suka guje shi. Ginin siminti kuwa ana koyon sa ne a tsaitsaye, wata shida a nan, wata uku a can, yaro ya sayi cokali ya kira kansa birkila. Sakamakon a bayyane yake. Masu manyan gine-gine a Abuja da Kano da Kaduna, in suna son tayil ko filasta ko silin mai kyau, sau da yawa 'yan Togo da Benin suke nema, suna biyan su da tsada, a ƙasar da matasanta ke zaman kashe wando. Kuma rashin ƙwarewa a gini ba a kyau kaɗai yake tsayawa ba. A ranar 12 ga Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos, mutum 22 suka mutu, akasarinsu ɗalibai. Ruftawar gini tana da dalilai da yawa, daga haɗamar mai gini zuwa sakacin masu sa ido, amma hannun da ya san ƙa'ida kuma yake da ƙarfin zuciyar cewa wannan kwaɓin bai yi ba yana cikin abin da ke tsare rayuka.

An gwada, sai dai bai iso ba

Ba za a ce gwamnatoci ba su taɓa tunanin wannan ba. Asusun horar da ma'aikata na ITF yana nan tun 1971. Hukumar samar da aikin yi ta NDE, wadda aka kafa a zamanin Janar Babangida, tana da daɗaɗɗen shirin tura matasa wurin masu sana'a. A jihar Katsina akwai Ƙauyen Koyon Sana'o'i na Matasa da aka buɗe a zamanin Gwamna Ibrahim Shema, da kwalejin fasaha ta gwamnati a Funtuwa.

Mafi kusa da abin da ake magana a kai shi ne N-Build, wani reshe na shirin N-Power da gwamnatin Buhari ta soma a 2016. An yi shi ne tare da hukumar CORBON mai yi wa ƙwararrun magina rajista, kuma tsarinsa a takarda mai kyau ne: wata uku a cibiyar horo, wata tara a wurin aiki ƙarƙashin gwani, da alawus na naira 10,000 a wata, da kayan aiki. An koyar da gini da kafinta da aikin famfo da haɗa wutar lantarki da fenti da walda. Akwai waɗanda suka fita da sana'a a hannu suna ci da ita har yau. Amma koke-koken jinkirin alawus sun yi yawa a N-Power baki ɗaya, kuma a Oktoban 2023 gwamnatin tarayya ta dakatar da shirin domin bincike.

A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ƙarƙashin Dakta Tunji Alausa ta ƙaddamar da sabon shirin koyar da sana'o'i da fasaha, wanda ya ce kashi 80 na horon aikin hannu ne, kashi 20 karatun aji, da alawus na wata-wata, kuma ya amince a tantance masu sana'a su ɗauki almajirai. Wannan mataki ne mai kyau. Sai dai ƙofar shiga ita ce intanet da lambar NIN da asusun banki. Saurayin da ke Kano da wayarsa a hannu zai cike fom cikin minti goma. Na ƙauyen Sabuwa, wanda sai ya hau tudu yake samun sabis, wanda wataƙila takardunsa sun ƙone tare da ɗakinsu, kafin labari ya iso masa an rufe.

Nan ne matsalar take. Shirye-shiryen suna zaune a manyan birane suna jiran matasa su zo, alhali waɗanda suka fi buƙata su ne ba za su iya zuwa ba. Daga Faskari zuwa birnin Katsina tafiyar sa'o'i ce, a kan hanyar da iyaye ba sa son 'ya'yansu su riƙa bi. Kuma ko yaro ya je ya koyo, ya dawo da takarda da akwatin kayan aiki, babu wanda ya san aikinsa a gida, babu ginin da zai nuna ya ce ni na yi. Galibi daga nan sai ya wuce Abuja ko Legas neman aikin lebura, garin kuma ya rasa shi.

Game da abin da 'yan siyasa ke kira tallafin dogaro da kai, ba sai an daɗe a kai ba. Horon kwana uku a ɗakin taro, da hoto, da rabon kaya a gaban kyamara. Kowa ya san kasuwar da kayan ke ƙarewa kafin mako ya zagayo.

Makarantar tana cikin kwangilar

Abin da ya kamata a yi ba ya buƙatar sabuwar hukuma ko sabon gini mai allo a ƙofa. Aikin da za a koya a kansa yana nan, kuɗinsa ma a cikin kasafi yake. Jihar Katsina tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda ke gina ajujuwa da gyara makarantu. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta yi alƙawarin ingantaccen asibitin matakin farko a kowace mazaɓa daga cikin 361 na jihar. Ga ayyukan hukumar ilimin bai-ɗaya, ga na ƙananan hukumomi, ga ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa. Kowane ɗaya daga cikinsu aji ne da ake iya koyarwa a cikinsa.

Sharaɗi ɗaya ake buƙata a cikin takardar kwangila: duk wanda aka ba aikin gini na gwamnati a waɗannan ƙananan hukumomi, dole ya ɗauki adadin matasa daga mazaɓar a matsayin masu koyo, ba leburori kawai ba, kuma ba za a biya shi kason ƙarshe na kuɗinsa ba sai an gwada yaran an ga abin da suka iya. Gwaji kuwa ba na takarda ba. A ba yaro bulo da kwaɓi da igiya ya tayar da kusurwa, malami daga kwalejin fasaha ta Funtuwa ya ɗora ma'auni a kai. Wanda ya ci, a haɗa shi da gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, ko da tsarin shaidar ƙwarewa da hukumar NBTE da ke Kaduna ke kula da shi, wanda ya yarda a auna abin da mutum ya koya a wajen makaranta a ba shi shaida.

Gwamnan jihar ya shugabanci hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i kafin ya hau mulki a 2023, don haka ba sai an yi masa dogon bayani kan bambancin wanda aka ba kaya da wanda aka koya wa aiki ba. A Oktoban 2023 gwamnatinsa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, ta ɗauki matasa daga garuruwan da ke bakin daga, ta horar da su, ta sa su a albashi. Idan an iya tantance ɗan gari a ba shi kaki da makami don ya tsare garinsu, ba zai gagara a tantance ƙanensa a ba shi cokali da tef don ya gina shi ba.

A waje ma an ga amfanin haka. Shirin YouthBuild na Amurka ya faro ne a 1978 a unguwar East Harlem ta birnin New York, lokacin da wasu matasa marasa aiki suka gyara wani gidan da aka yi watsi da shi, daga baya tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. A Sifaniya, tun 1985 ake da makarantun da matasa ke koyon sana'a suna gyara tsofaffin gine-ginen tarihi na garuruwansu. Darasin ɗaya ne: ana koyo a kan aikin gaske wanda jama'a za su yi amfani da shi, ba a kan bangon gwaji da za a rushe da yamma ba.

Inda abin zai iya lalacewa

'Yan kwangila za su yi ƙorafi, kuma ƙorafinsu ba na banza ba ne. Mai koyo yana jawo jinkiri, yana ɓata kaya, ga siminti da a farkon 2024 buhunsa ya haura naira 10,000 a kasuwanni da yawa. Ba daidai ba ne a ɗora musu wannan nauyi kyauta. A sa kuɗin horon a cikin lissafin aikin a fili, a biya gwanin da ke koyarwa ladansa daban. Shi gwanin ma yana da nasa tsoron, wanda ba kasafai ake faɗa ba: yana ganin in ya koya wa yaro komai, gobe yaron zai karɓe masa aiki da rabin farashi. Shi ya sa wasu ke riƙe yaro shekara biyu a kan kwaɓi. Wanda ake biya bisa yawan yaran da suka ci gwaji, lissafinsa zai canza.

Haɗari mafi girma shi ne jerin sunaye. Da zarar an ji akwai alawus, za a ga sunayen 'ya'yan manya da 'yan jam'iyya waɗanda ba su taɓa taka wurin ba, su kuma masu ɗaukar kwanon sarki na gaske a ce su jira zagaye na gaba. Maganin wannan ba a Katsina yake ba, a ƙofar gidan mai unguwa yake. A karanta sunayen a bainar jama'a, a liƙa su a bangon da ake ginawa, a riƙa kiran suna da safe. A gari irin Daudawa ko Maigora ko Ruwan Godiya kowa ya san ɗan kowa, sunan bogi ba zai kwana biyu a bango ba.

Akwai kuma batun wa za a ɗauka. Idan aka tsaya kan 'ya'yan cikin gari kaɗai aka bar samarin rugage, waɗanda da yawansu su ma an sace musu shanu an bar su hannu rabbana, an sake ja layin da ya kai yankin inda yake. Maganar tana da ɗaci ga wanda ya binne ɗan'uwansa, kuma ba wanda ke da ikon ce masa ya manta. Sulhun da aka ƙulla a wasu ƙananan hukumomin jihar a 2025 har yanzu ana jayayya a kansa, kuma masu shakka suna da hujjojinsu. Ba ana cewa a saka wa mai laifi da alawus ba. Ana cewa ne yaron da bai ɗauki bindiga ba, Bahaushe ne ko Bafulatani, ya samu wurin da za a kira sunansa da safe kafin wasu su riga kira.

'Yan mata ma kada a ce ba ruwansu. A al'ada mata sun daɗe suna daɓe da shafe da adon ɗaki. Fenti da lissafin kaya da kula da sito da haɗa wutar sola a cikin gidajen da namiji baƙo ba ya shiga, duk ayyuka ne da za su iya, kuma matan da aka kashe wa mazaje a yankin suna da bakunan ciyarwa.

Sai kuma lafiyar masu koyon. Ba a yarda a kwashi yara ƙanana a ɗora su kan bene da sunan horo ba, ko a bar su suna kwaɓa siminti da silifas har ƙafa ta tsage. Takalmi da safar hannu da hular kwano ba ado ba ne. Alawus kuma ya zo a kan lokaci, ko kaɗan ne, domin wanda ya bar acaba ko aikin gona na yini don ya koyi gini, in aka yi wata biyu ba a biya shi ba zai koma inda ya fito, kuma ba za a zarge shi ba.

Lokacin gini a wannan yanki sananne ne. Daga an gama girbin masara da waken suya zuwa faɗuwar ruwan farko, wata shida ne ko bakwai, kuma a daidai lokacin ne samari ke ɗaure jaka su tafi cirani. Kwangilolin da za a yi a ranin da ke tafe, yanzu ake rubuta takardunsu a ma'aikatu da sakatariyoyin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Idan sharaɗin ɗaukar masu koyo bai shiga ciki kafin a sa hannu ba, ɗan kwangila zai zo da mutanensa daga Zariya ko Kano, ya ɗauki 'yan gari su yi masa dakon yashi da ruwa, ya miƙa makullai ya tafi, sai kuma wani ranin.